Yadda kokawa da tsayuwar iyaye ke riƙe 'yan sanawi a aji a Haj Abdalla

Duk malamin da ya koyar a makarantar sanawi ta maza a ƙauyukan Jazira ya san lokacin da aji ke fara ramewa. Yaro ya kai shekara 15 ko 16, ƙirji ya buɗe, hannu ya iya ɗaga buhun dawa, sai gida ya fara yi masa kallon ma'aikaci, shi ma ya fara yi wa kansa wannan kallon. Yau an aike shi ban ruwa a hawasha, gobe cirar gyaɗa, jibi abokinsa ya dawo daga ramukan zinariya na arewa da sabuwar waya da takalmi mai tsada. Kafin a kai ga jarrabawar Shahada, bencin baya ya zama wayam.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tarar da mu da wannan miki, ya fama shi. A watan Oktoba na shekarar, hukumar UNICEF da ƙungiyar Save the Children suka ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a faɗin Sudan. A Disamba yaƙin ya iso Wad Madani, ya gangaro kudu har garinmu Haj Abdalla da ke kan hanyar Sinnar, jama'a suka watse, wasu Gadarif, wasu Kassala, wasu ƙauyukan dangi. Shahadar 2023 ba a zauna ta ba sai ƙarshen Disamba na 2024. Yaron da ya bar aji yana ɗan shekara 15 ya dawo gari gemu ya fara tsiro masa, ya saba riƙe kuɗin guminsa, sannan a ce ya zo ya zauna kan benci yana "na'am, Ustaz". Abin da kamar wuya.

Ni malamin tarihi ne, kuma tun da na fito daga kwalejin horar da malamai a wannan yankin nake koyarwa. Abin da na ga ya fi riƙe irin waɗannan samari a makaranta shi ne wani fili mai yashi da ke bayan azuzuwanmu, inda muke kokawa ranakun Lahadi da Laraba bayan la'asar. Sai dai filin shi kaɗai bai taɓa riƙe kowa ba. Yaran da suka ɗore a fage kuma suka ɗore a aji su ne waɗanda wani daga gidansu ya tsaya musu, kuma a kan wannan nake so mu yi magana da iyaye.

Gadon da muka taho da shi

Kakanninmu sun shigo ƙasar nan ta hanyar Hajji, da ƙafa, wasu suna shekaru a hanya suna noma suna ƙara gaba. Wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, wanda daga baya ya haura faddan miliyan 2, sai aikin ya ja mutanenmu da yawa suka zauna. Sun zo da harshensu, sun zo da dakuwa da agashe waɗanda yau duk Sudan ke ci, sun kuma zo da kokawa.

A ƙasar Hausa kokawa wasan kaka ce. An yi girbi, rumbu ya cika, ciki ya ɗauka, sai samarin wannan gari su ɗunguma zuwa wancan da makaɗansu. Kakar nan ita ce maƙwabtanmu Larabawa ke kira darat, lokacin da ruwa ya ɗauke aka shiga yankan dawa. Dattawanmu har yau suna ba da labarin yadda ake share masussuka a farin wata a kafa da'ira. Kokawa ta sha bamban da dambe, domin babu naushi, babu mari, babu zub da jini. Riƙo ne da taɗiya da dabarar ƙugu, wanda aka kai ƙasa ya faɗi, shi ke nan.

Mun kuma tarar da ita a nan. Mutanen duwatsun Nuba na Kudancin Kurdufan sun shahara da ita tun kaka da kakanni, kuma kafin yaƙi duk Juma'a da yamma filin kokawa na Haj Yusuf, a gabashin Hartum, yakan cika maƙil, a ɗauki wanda ya yi kaye a kafaɗa a zaga da shi. A 2013 har wani jami'in ofishin jakadancin Japan, wanda 'yan kallo ke kira Muro, ya tuɓe takalmi ya shiga wannan filin ya gwada ƙarfinsa. Idan ina koyar da tarihin kogin Nilu nakan nuna wa yara hotunan bangon kaburburan Bani Hassan a Masar, inda aka zana 'yan kokawa bibbiyu kusan shekara 4,000 da suka wuce. Yaran kan yi ta nuni da yatsa, domin riƙon da suke yi a bayan aji shi ne a jikin bangon.

Daga yamma kuma waya ce ke kawo musu labari. Ɗalibaina sun san gasar Takobin Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma, wanda ya rage ba a kayar da shi ba ya ɗauki takobi. Sun san Issaka Issaka na Dosso da ya ɗaga takobin sau da dama, suna kuma jin kirarin da ake yi da Hausar da iyayensu ke yi a gida. Ga yaron da aka haifa a bakin tur'a, yake karatu da Larabci, wani lokaci ma ake yi masa gorin asali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda muke yi a bayan aji

Ba ma karɓar ko sisi. Yashi daga bakin kogi muke ɗebo shi a karo, yara su baje, su tsince tsakuwa da ƙaya. Muna haɗa yaro da tsaransa a nauyi, kuma ma'aunin da muke amfani da shi na wani ɗan kasuwa ne mai sayen gyaɗa, yana ara mana sau ɗaya a wata. Kowa ya yanke farce, kowa ya sa wando mai rufe gwiwa. Karo ɗaya minti 3 ne, in babu kaye a tashi canjaras. An hana murɗe yatsu, an hana shaƙe wuya, an hana jefa mutum ta ka. Laya da guru ba sa shiga filinmu. Wanda ya yi kaye shi zai miƙa hannu ya ta da abokin karawarsa, kuma kafin kiran magariba mun watse.

Sabon shiga ba ya kama kowa a makonninsa biyu na farko. Faɗuwa yake koya: yadda zai manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, yadda zai sauka kan gefe ya mirgina, da yadda ba zai tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu ba, domin nan ne ake samun karaya da gocewar kafaɗa. Yara ba sa son waɗannan makonni, gani suke ana ɓata musu lokaci, amma duk wanda ya wuce su yakan daina tsoron ƙasa.

Babbar dokarmu guda ce: wanda bai shiga aji ba ba zai shiga fage ba. Ka tsallake darasi ba tare da uzuri ba, ko ka zo babu aikin gida, to ranar za ka zauna gefe kana kallo, kai ne mai ɗebo wa sauran ruwa. Na ga ƙato ya zauna yana haddar tarihin Daular Funj da rana tsaka don kawai kada a hana shi karawa da yamma.

Dalilin da ya sa abin ke kama su a fili yake. Yaron da lissafi ke ba wuya, wanda kullum sunansa ke ƙasan takarda, ya samu wuri ɗaya a makaranta da ake kiran sunansa da girmamawa. Ƙarfin da da yake hucewa a kan ƙannensa ya samu inda za a sa masa ƙa'ida. Sannan ran da ɗan siririn yaro ya shiga ƙarƙashin ƙato ya ɗauke masa ƙafa ya zubar, duk wanda ke wurin ya gane cewa koyo ya fi girman jiki, kuma wannan darasin nakan ɗauko shi in kai aji washegari.

"Karatu na kawo shi, Ustaz"

Iyaye suna da tsoronsu, kuma tsoron yana da tushe. Wasu kokawar da suka sani ita ce ta kiɗa da asiri da kwana a dandali. Ga waɗannan limaminmu ya taimaka ƙwarai, domin ya tuna musu ruwayar da ke cikin littattafan Abu Dawuda da Tirmizi cewa Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana, ƙaƙƙarfan Baƙuraishe, ya kayar da shi, ya kuma bayyana musu cewa sharaɗin shi ne a rufe al'aura, kada a cutar, kada a yi caca, kada a bar sallah. Wasu rauni suke tsoro, su kuwa gayyatarsu muke yi su zo su ga makonnin koyon faɗuwa da idonsu. Masu wuyar sha'ani su ne waɗanda maganarsu ta aiki ce, domin yammaci biyu a mako da yaro zai yi a fage aikin gida ne ya tsaya.

Cikinsu akwai wani masunci, mai kwalekwale ɗaya a Shuɗin Nilu. Ɗansa na fari yana aji ɗaya na sanawi a lokacin, dogo, mai zafin zuciya, mako ba ya wucewa ba a kawo ƙararsa ba. Ya fara zuwa fage a ɓoye, uban ya ji, ya same ni a ƙofar makaranta.

"Ustaz, ni karatu na kawo shi, ban kawo shi a karya min shi ba. Kuma wa zai riƙe min taru da yamma?"

Na ce, "Baba, gaskiyarka. Amma tun da ya fara zuwa filin nan ba a sake kawo min ƙararsa ba, kuma bai tsallake darasi ko ɗaya ba. A duba min dai."

Ya ce zai duba, irin dubawar da ke nufin a'a. Kawun yaron ne, ƙanin mahaifiyarsa, ya warware matsalar. Shi ma ya taɓa kokawa a ƙuruciya. Ya je ya durƙusa gaban surukinsa ya ce, "Yaya, Lahadi da Laraba ni zan shiga jirgin. In kifi ya ragu, ka cire daga rabona." Uwar kuma ta yi nata ƙoƙarin a cikin ɗaki, wanda mu ba mu ji ba, sakamakonsa kawai muka gani.

An yi wata biyu kafin uban ya leƙo filin. Bai shigo da'ira ba, can gindin darbejiya ya tsaya, hannu a baya. Kamar da gangan, ranar aka haɗa ɗansa da wani ɗan aji uku da ya fi shi dabara, ko minti ɗaya ba a yi ba aka shimfiɗe shi. Yaron ya tashi idonsa ya yi ja, ya kasa ɗaga kai. Sai dattijon ya tako, ya ɗauki takalman ɗansa a gefen fili ya kakkaɓe, ya ajiye masa a gabansa, ya ce, "Sa mu tafi. Wancan ƙafarka ta hagu ya gani a gaba. Ran Laraba ka janye ta." Ashe shi ma ya san kan abin, bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba.

Tun daga ranar gindin darbejiyar nan ya zama wurinsa. Yaron ya zauna Shahada kafin yaƙi, ya ci. Ranar da muka bar gari da ƙafa, babu mota babu karo, shi ya goya kakarsa tun daga bakin gari har inda muka samu abin hawa, yana sauke ta a inuwa ta huta ya sake saɓa ta. Uban yana biye da su ɗauke da ƙullin kaya. Da muka tsaya shan ruwa ya matso kusa da ni ya ce, "Ustaz, ka ga amfanin ƙugun nan." Ba mu ƙara cewa komai ba, ba ranar hira ba ce.

Tsayuwar da ba a gani a fili

Mafi yawan iyaye mata ba sa zuwa fage, wuri ne na maza, amma rabin aikin a hannunsu yake. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, tana sayar da shayi a kasuwa, ɗanta shi ne mafi ƙanƙanta a cikin yaranmu. Ita ta aiko a kira ni, ta zuba min shayi ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce, "Ustaz, na ji ana hana wanda bai yi karatu ba shiga filin. To in ya yi wasa da littafi ka aiko min, ni zan riga ka hana shi. Amma faɗa min, me ɗan kokawa ke ci?"

Na gaya mata babu wani abinci na musamman. Ful da safe, kisra ko asida da miya, gyaɗa da dakuwa, madara in ta samu, kifi ran da Allah ya hore. Abin da ya fi muhimmanci kada ya zo fage da yunwa, kada kuma ya zo da cikin da ya cika dam. Tun daga nan duk Lahadi da Laraba yaron kan zo da ɗan ƙullin dakuwa da dabino, ya ci bayan azahar, ya raba wa abokinsa.

Abu na biyu da na roƙe ta shi ne ruwan wanka, kuma wannan roƙon ina yi wa kowace uwa. Yaro ya gama kokawa jikinsa duk yashi da gumi, tur'a na nan kusa, abin da zuciyarsa za ta ba shi ya faɗa ciki. Tur'o'in Jazira kuwa an daɗe da sanin su da tsargiya. Ƙwayar cutar na rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, bayan makonni ya fara fitsarin jini, jini ya ragu, ƙarfi ya tafi, karatu ya gagara. Akwai maganinta a asibiti, ƙwayar praziquantel, amma wanda ya warke ya koma ruwan zai sake kamuwa. Bokiti ɗaya na ruwa mai tsabta da sabulu da ke jiran yaro a gida shi ne rigakafin, kuma yana kare shi daga makero da sauran cututtukan fata da ake ɗauka wurin goga jiki. Matar nan, da ke sayen ruwa da kuɗin shayinta, ba ta taɓa fashin ajiye masa ba.

Yayarsa kuma, wadda ta girme shi da shekara biyu, ita ce mai duba littattafansa da dare a hasken fitilar waya. Ran da ya yi kayensa na farko, ya shiga ƙarƙashin wani da ya fi shi tsawo ya kwashe masa ƙafafu, bai tsaya gaisawa da kowa ba, da gudu ya nufi kasuwa. Masu shan shayi suka ba ni labari cewa ranar uwar ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa. Da aka sake buɗe makaranta bayan ƙura ta lafa, yana cikin waɗanda suka fara zuwa, da littattafansa da yayar ta ɓoye a cikin buhu duk tsawon gudun hijira.

Akwai kuma wanda labarinsa ya bambanta, kuma shi ne ya fi kowa baiwa a duk yaran da na taɓa gani a filin. Hannunsa kamar ƙarfe, ga sanyin kai, ga ƙwaƙwalwa a aji. Yana zaune ne a gidan dangi, iyayensa suna nesa. Ba a hana shi zuwa ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ya aka tashi ba. Ya yi kaye ya koma gida ya tarar babu wanda ya sani, a kayar da shi ma haka. Na je gidan sau biyu, aka karɓe ni da mutunci, aka ce yaro ai ya girma, ya san abin da ya fi masa. A tsakiyar aji biyu ya bi wasu samari zuwa haƙar zinariya wajen Abu Hamad. Har yau sunansa na cikin tsohuwar rajistata, bencinsa wani ke zaune a kai.

Idan tsayuwa ta yi yawa

Akwai uban da zuwansa fili ya fi rashin zuwansa illa. Shi ne mai ihu daga gefe, mai zagin alƙali, wanda in an kayar da ɗansa zai bi shi da faɗa har gida, ya ce ya ba shi kunya gaban mutane. Wani ma har rubutu da turare yake nemo wa yaro don ya gagari kaye. Yaron irin wannan gida yakan shiga fage jikinsa a sanƙare, idonsa na kan ubansa maimakon ƙugun abokin karawa, kuma da wuya ya kai ƙarshen shekara. Irin waɗannan iyaye nakan ja su gefe in ce, "Alhaji, a bar mana gyaran riƙo. Kai dai ka tabbata ya san tuwonsa na nan ko ya yi kaye ko an kayar da shi."

Abin da muke gani a ƙaramin filinmu haka yake a manyan filayen duniya. A Amurka, inda kokawa ke cikin wasannin makarantun sakandare, an yi wani yaro Anthony Robles da aka haifa da ƙafa ɗaya a 1988, uwarsa Judy tana 'yar shekara 16. Ya fara kokawa yana ɗan shekara 14 a garin Mesa na jihar Arizona, shekararsa ta farko ya sha kaye, uwar ba ta ce ya bari ba. Shekarunsa biyu na ƙarshe a sakandare ba a kayar da shi ba, kuma a 2011 ya zama zakaran jami'o'in ƙasar a ajin nauyinsa. Samarinmu sun fi sanin Khabib Nurmagomedov na Dagestan. Wasansa ya haɗa da naushi, ba irin namu ba ne, amma tushensa kokawa ce da mahaifinsa Abdulmanap ya koya masa tun yana ƙarami. Uban ya rasu a Yulin 2020, a Oktoba ɗan ya yi karonsa na 29 ba tare da an taɓa cin sa ba, ya ajiye wasan nan take, ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai ci gaba babu ubansa ba. Nakan ce wa yarana su lura da wannan ɓangaren na labarin kamar yadda suke lura da riƙonsa.

Ribar da ke komawa gida

Babu ɗaya daga cikin yaranmu da zai ci abinci da kokawa, kuma ban taɓa yi wa wani uba alkawarin takobi ko kujerar jirgin sama ba. Ribar ta fi haka kusa. Yaro ya kai ƙarshen aji uku ya zauna Shahada. Ya dawo gida da magariba a gajiye, ya yi wanka, ya ci, ya duba littafi ya kwanta, maimakon zaman bakin titi da waɗanda ba a san abin da ke aljihunsu ba. A wannan zamani da makami ya yawaita a hannun samari, yaron da ya saba a kayar da shi gaban jama'a ya tashi ya miƙa hannu ya koyi abin da zai iya tsare ransa da na wani. Uba da ɗa da ba su da abin cewa da juna sai aike da faɗa sun samu abin hira a hanyar gida.

Da muka dawo gari, yashin filinmu ya cika da ciyawa da tarkace. Ban kira kowa ba. Wata safiya na tarar da iyaye maza huɗu da karo biyu suna sauke sabon yashi, masuncin nan na cikinsu, alhali ɗansa ya riga ya gama makarantar. Na ce, "Baba, ai naka ya wuce nan." Ya ce, "Ƙaninsa na tafe." A taron majalisar iyaye da ya biyo baya, su ne suka riƙa bi gida-gida suna lallashin waɗanda 'ya'yansu ba su dawo aji ba, kuma maganarsu ta fi tamu shiga, domin su ma hawasha da taru suke ci da su, sun san abin da ake rasawa in an saki yaro yammaci biyu.

Ga roƙona ga iyaye, na Haj Abdalla da na sauran ƙauyukanmu har Mai Wurno da Damazin, ko da makarantarku ƙwallo ake yi ko gudu maimakon kokawa. A sakar wa yaro yammacin da zai yi wasan, a nemi wanda zai riƙe masa aikin daga cikin dangi. A ajiye masa abinci da ruwan wanka. A tambayi malaminsa ko yana shiga aji, a kuma bari yaron ya san ana tambaya. Wanda ya samu hali ya zo ya tsaya a gefe ko sau ɗaya a wata, in uba ba ya nan kawu ya zo, ko wa, ko maƙwabci. Darat na tafe, kuma bana muna so mu gayyaci samarin ƙauyukan da ke kusa, Hausawa da Larabawa da 'yan Nuba, a kara a filinmu bayan an gama yankan dawa. Za mu shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya domin iyaye. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a.